Gangarar Kaka

Da likita ya ce Kaka ba za ta ƙara taka ƙafarta ba, Kawu ya turo kafinta ya yi mata gangarar katako a ƙofar falo, don kekenta ya riƙa hawa da sauka. Ɗaki ɗaya muke kwana da Kaka tun ina ƙarama, shi ya sa na zauna bakin taga da littafi a cinya, ina leƙen aikin.

Gunduwa uku kafintan ya kawo, yana haɗa su da noti yana ɗaurewa da sifana, irin haɗin da za a iya kwancewa a ɗauka. Matakalarmu gajeriya ce. Gunduwa biyu suka kai har ƙasa, ta ukun ya jingine ta da bango.

"Malam, waccan fa?" na tambaya.

"Awo biyu aka ba ni, 'yan mata."

"Na ina da ina?"

Ya ci gaba da murza sifana kamar bai ji ba.

Gidan Kawu ne mai doguwar matakala, kuma ya sha faɗa cewa gidanmu ya yi wa asibiti nisa. Na je kicin na gaya wa Mama cewa Kawu na shirin mayar da Kaka gidansa. Ta ce karatu ne ya cika min kai da zargi, amma ta tsaya da ludayi a hannu har albasa ta ƙone.

Da la'asar Kawu ya zo ya tura Kaka ta gwada. Keken ya sauka sumul. Sai ta nuna gunduwar bango da haɓa.

"Makara kuka tanadar min tun yanzu?"

Kawu ya yi dariya. "Haba Inna. Ko za ki zo mana ziyara ne."

"Ziyarar da ake komawa gida, ko ɗayar?"

Ya shiga duba wayarsa.

Kaka ta juya wajen kafinta. "Ɗan nan, kana da ƙusar kankare?"

"Akwai, Inna."

"To kafe min gangarar da dakalin ƙofar nan. Mai son cirewa ya zo da diga."

Kafintan ya dubi Kawu. Kawu bai ɗago ba, kafintan kuwa ya buɗe jakarsa ya yi yadda ta ce.

Na mayar da Kaka ɗakinmu. Ta taga na hango Kawu yana cusa gunduwa ta uku a bayan motarsa, har da lulluɓe ta da leda kada ruwa ya taɓa ta.