Layin da Ba Ya Cikin Zane

"Babu ɗigon ruwa ɗaya a jami'ar nan da ofishina bai san hanyarsa ba," in ji Daraktan Ayyuka, Dokta Abdulmumini, yana nuna wa 'yan jarida sabon tankin da za a ƙaddamar gobe. An tafa masa.

Injiniya Millicent ba ta tafa ba. Kwana uku ke nan tankin a cike, injin yana aiki, amma famfunan sabon masaukin ɗalibai mata iska kawai suke fitarwa. 'Yan mata ɗari takwas za su tare ranar Litinin, kuma sunanta ne a ƙasan takardar aikin.

Ta hau keke zuwa unguwar da ke bayan katanga, wurin Baba Jaji, mai gyaran famfon da aka yi wa ritaya bara saboda a ganin Darakta zamani ya wuce shi.

"Baba, ruwa ya ƙi hawa sabon masauki, kuma zanen aikin ya ce bututu ɗaya ne."

"Zanen shekarunsa nawa?"

"Biyu."

"Yaro ne," in ji Jaji, yana neman takalminsa.

Da suka isa jami'ar, ya zaga filin masaukin a hankali, yana gaishe da bishiyoyin da aka sare da sunayensu. Inda tsamiya take a da, ya tsaya ya ce a tona. Aka tarar da tsohon makunnin ruwa, da wani siririn bututu da ya rabu ya nufi katanga.

"Ga ɓarawonki. Muddin wannan a buɗe yake, ruwa ba zai hau bene ba."

"Ina yake zuwa?"

Jaji ya sosa gemu. "Shekara goma sha tara ke nan. Rijiyoyinmu sun ƙafe, matan unguwa suna sayen garwa. Ni kuma ina da ragowar bututu."

Millicent ta dubi katangar. Daga can ana jin ƙarar kwanuka.

"Gida nawa?"

"Arba'in. Har da nawa."

Ta buɗe littafinta, ta zana layin da hannunta, ta rubuta a gefe: famfon jama'a, bakin katanga. "Zan kai wa kwamiti, Baba. Darakta yana son abin da za a yanka wa kintinkiri. Amma kwamiti sai ya yi wata uku."

"Shida," in ji Jaji. "Na yi aiki da su."

Ya ciro wayarsa, ya kira matarsa.

"Mairamu, ki cika randuna. Har tukwane. Ki aika a gaya wa matar Lazarus da sauran maƙwabta."

Ya zauna a bakin ramin, ya ba su minti arba'in cif. Sannan ya naɗe hannun riga, ya yi bismillah, ya murɗa makunnin har ya tsaya. Can saman bene wata ma'aikaciya ta ga ruwa, ta rangaɗa guɗa.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya bar ta ta gama.