Kuɓewa a Gindin Ƙarfen Sabis

Zakaran da ya yanka bai gama shure-shure ba Simeon ya ɗaga kai yana kallon Injiniya Imrana a kan tsani, yana ɗaure wata 'yar kamara a jikin ƙarfen sabis na Nukkai. Tun autarsa tana rarrafe Simeon ke gadin wurin nan. Shi ke zuba wa janareta mai, shi ke korar awaki. Har kuɓewa ya shuka cikin shingen, da ita matarsa Rebeka ke miya.

"Baba, wannan wahala haka?" in ji Imrana da ya sauko.

"Baƙo ya kawo sabon kaya, ai sai da nama. Oga, ni za a koya wa tuƙa shi, ko?"

Imrana ya daɗe yana goge hannu a wando.

"Manyanmu na Legas sun tsara abin da za a sa gaba baɗi. Sola, kamara, da rage kashe kuɗi. Daga can za su riƙa ganin komai."

"Madalla! Yau dai za su ga yadda nake share wurin."

Da Rebeka ta kawo farfesu, Imrana bai ci na kirki ba. Can ya ce, "Baba, ɗan taka ka wuce ta ƙofa mu gwada."

Simeon ya gyara wuyan riga, ya taka kamar soja. Kamarar ta juyo ta bi shi, jiniya ta ɗauka.

"Kai, maigida, har ta san ka!" Rebeka ta ce tana dariya.

"Tana aiki," Imrana ya faɗa ƙasa-ƙasa. Sannan ya miƙo hannu, idonsa a kan ƙashin zakaran. "Baba, ka yi haƙuri. Sun ce in karɓi makullin."

*

Da kuɓewar ta isa tsinka, Simeon ya dawo da kwanon Rebeka. Sabon kwaɗo ne a ƙofa. Ya zura hannu ta cikin wayar shingen, sai wata murya ta faɗo daga sama da Turanci, tana cewa ya bar wurin.

Ya cire hula, ya ɗan rusuna.

"Oga, ni ne. Simeon."

Muryar ta maimaita abin da ta ce, ba ƙari ba ragi.

Ya janye hannunsa a hankali. Ya tsaya riƙe da kwano, yana kallon kuɓewar da za ta ƙosa a jikin itacenta.