Tara Sau Goma Sha Biyu

Shekara talatin da ɗaya malamin lissafi yana koyarwa a makarantar nan, kuma yana da wani wasa da yake yi wa kowane sabon aji sau ɗaya tak a shekara. Zai jera lambar tara sau goma sha biyu a kan allo, ya ce ga ƙatuwar lamba, kaɗan ya rage ta cika tiriliyan, yau zai farfasa ta har sai ya kai ga lambobin da ba sa rabuwa. Yana gamawa aji yakan kaure da tafi, shi kuma ya kaɗe alli daga hannunsa yana wani basarwa, alhali daɗi ne fal cikinsa.

Bana kuwa da tsoro ya shiga ajin. Kwanan baya ya tsinci makullinsa a cikin firji, sannan ya kira 'yarsa da sunan ƙanwarsa har sau biyu. Matarsa ta yi dariya ta ce tsufa ne ke sallama, shi dai bai ga abin dariya ba. Da irin wannan mahaifiyarsa ta fara, a ƙarshe har tambayarsa take yi ɗan wane gida ne shi. Don haka ya ƙudura a ransa cewa lambar nan ce za ta raba gardama. In ya kai ƙarshenta, kansa ƙalau yake.

Ya jera taran yana ƙirgawa a zuci. Ya raba da uku, ya sake, ya kuma sakewa, ta koma 37,037,037,037. Bakwai ta shige, sha ɗaya ma haka. A kan sha uku kansa ya ɗauke ɗif. Ya zura wa allon ido, lambobin suka zame masa baƙi, gumi na bin bayansa, fankar sama sai ƙugi take yi. Ya yi ta addu'a a zuci kada Allah ya tona masa asiri a gaban 'ya'yan mutane. Can sai hannun ya ci gaba da kansa. Talatin da bakwai, sannan ɗari da ɗaya, saura 9,901. Ya ja mata layi biyu, ya ce wannan ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta, wanda ke ja ya gwada.

Ya juyo zuciyarsa wasai. Ba wanda ya tafa. Ɗalibai arba'in sun sunkuyar da kai, kuma babu ko ɗaya da ke rubutu. Ya ce a ransa 'yan zamani ke nan, ba abin da ke burge su in ba waya ba.

Sai a lokacin ya lura da shugabar makaranta tsaye a bakin ƙofa. Ɗalibarsa ce a dā, shi ya koya mata wannan lambar tana 'yar ƙarama, kuma ba ta saba leƙa ajinsa ba. Ta matso a hankali, ta ce masa Baba ko zai zo ofis su ɗan yi magana, ta kira matarsa ma, tana hanya. Ya ce lafiya dai? Akwai kuskure a allon ne? Ya juya da sauri yana bin layin da yatsa.

"Babu kuskure, Baba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Daidai yake."

Ta ɗauki littafin rubutu daga teburin gaba ta miƙa masa a buɗe. Ga taran nan sha biyu da dukan rabon, har da layi biyun, an sa kwanan watan Litinin. Ya buɗe shafi na gaba, su ne dai, Talata. Na Laraba an fara kwafa an bari a rabi.

Ya ɗago ya tambaye ta yau wace rana ce.