Tsumma a Gwangwani

Ita dai marubuciyar nan hancinta ne ke ja mata gora. In ba ta shaƙi abu ba, alƙalaminta ko motsi ba ya yi. Da take rubuta labarin wani kafinta, sai da ta cika ɗaki da garin katako har tari ya kusa kayar da ita. To, wannan karon littafin na jinyar mahaifiyarta ne, wadda ta rasu a asibiti bara waccan, kuma babin ƙarshe ya ƙi fitowa ƙememe.

Sai ta sayo maganin goge ƙasa irin na asibiti, mai hawa kan nan, ta jiƙa tsumma ta sa a gwangwani kusa da tebur. Nan take komai ya dawo mata: gadon ƙarfe, ƙarar keken marasa lafiya, busassun leɓunan Mama. Rubutu ya zubo kamar an kunna famfo.

Abin da ba ta kawo a ranta ba shi ne Baba. Tsufa ya cinye masa tunani, kuma a cikin mantuwar nan ya samu sauƙi. A wurinsa Mama ta leƙa maƙwabta ne, yanzu za ta dawo. Ranar da warin ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya same shi, sai ga shi tsaye da takalmi a hannu.

"'Yar nan, lokacin dubiya bai yi ba? Yaya ta kwana?"

Da ƙyar ta lallashe shi, ranar ko loma bai kai baki ba. Tausayinsa ya kama ta, ta rantse ta daina. Ta kuwa daina, takarda ta koma fara fat. Amma son kan marubuci ba ya jin rantsuwa.

Wata safiya da Baba ya kishingiɗa, ta kulle ƙofa, ta toshe ƙasanta da tsohon zane, ta buɗe gwangwani. Tana rubutu tana hawaye, kuma ta san ba ta taɓa yin mai kyau haka ba. Ta ji ana ƙwanƙwasawa a hankali. Ta ce bari ta ƙarasa layin nan. Layi ya ja layi, har ƙwanƙwasar ta tsaya.

Da ta ɗiga aya ta ƙarshe ta buɗe ƙofa, ta tarar da shi zaune a ƙasa, ya sa takalmi a juye, ya rungume kwanon abinci babu komai a ciki. Ya ɗago ya dube ta, bai gane ta ba.

"Haba Nas, ku ji tsoron Allah," ya ce a hankali. "Wancan karon ma haka kuka rufe mini ƙofa, har ta cika ban gan ta ba."

Daga ranar bai sake cewa Mama na maƙwabta ba.