Hannun Malam Ɗanlami

"Aljanun masallaci ne suka shafe shi," in ji Muniratu, wata 'yar unguwarsu, tana jan rigar shunayya da aka raba musu a kan hijabinta. "Shekara nawa yana buɗe ƙofar nan shi kaɗai?"

Wata ta ce sammu ne aka aiko daga gida, wata ta ce tsufa ne kawai. Abu ɗaya dai mutanen unguwar Tremont suka yarda da shi: kafin ciwon nan babu ladani mai zaƙin murya kamar Malam Ɗanlami, babu mai kiyaye lokaci kamarsa. Yanzu lokacin ne ya kuɓuce masa. Sai ya fito barandar benensu da hantsi ya kira magariba.

"Anti, ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba aljanu ba," in ji 'yarsa Halima Sa'adiya, tana gyara masa hula. "Dubi mutanen nan duka. Kowa da nasa a gida. Su ma aljanun masallaci ne?"

"Oho, ke ce likita."

Rabi'atu na tsaye a gefe. Ƙofarta na kallon ta su Malam, kuma ba mai son shiga taro ba ce, don har yau takardunta na zama a ƙasar ba su fito ba. Ko jiniya ta ji a titi sai ta ɗauka ita aka zo kamawa. Ta zo tattakin ne saboda Hajiya Habiba, matar Malam, ta roƙe ta. An ce taimakon da za a tara na iyalai ne irin nasu, masu jinyar wanda ya daina gane su.

Aka fara tafiya cikin fak ɗin Crotona, babban lambun shaƙatawa, jama'a kamar kasuwa, kowa da shunayya. Ba a yi nisa ba gwiwar Hajiya ta motsa. Halima Sa'adiya ta kama ta za ta kai ta benci.

"Riƙe mini shi, ƙanwata," Hajiya ta ce, ta ɗora hannun mijinta a na Rabi'atu. "Ai ya zama yaro, babu komai. Kada ki sake shi, ko ya ja."

Hannun ba nauyi, sai sanyi. Suka ci gaba a hankali. Yana tambayarta ko motar Zariya ta tashi, tana cewa saura kaɗan, Malam.

Can ya tsaya cak. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi inuwarsa a ƙasa. Ya juya ya fuskanci alƙibla, ya kai hannun hagu kunne.

"Malam, don Allah. Ba a nan ba."

"Allahu akbar!"

Muryar nan ta dā ce ta fito, cikakkiya, ta ratsa kiɗan da ake yi a gaba. Mutane suka waiwayo. Wata mata ta janyo ɗanta jikinta. A bakin shinge 'yan sanda biyu suka juyo, ɗaya ya kai hannu kan rediyon kafaɗarsa. A garin nan, a tsakiyar taro, tsoho na ɗaga wannan kalmar, Rabi'atu kuma da hijabi tana riƙe da shi. Wa za a fara tambaya?

Malam ya ja hannun damansa yana so ya kai shi ɗaya kunnen. Ja ne kaɗan, irin na jariri. Ta buɗe yatsunta. Ta ja da baya, ta shige bayan wasu mata, ta durƙusa kamar mai ɗaura igiyar takalmi.

A durƙushe ta ji kiran har ƙarshensa. A durƙushe ta gane cewa yau bai yi kuskure ba. Azahar ce ta yi.

Da ta ɗago, ɗan sandan yana kurɓar kofinsa yana hira. Babu wanda ya taɓa kowa. Babu Malam kuma. Ko'ina ta duba shunayya ce, baya bayan baya.

"Ina yake?" Halima Sa'adiya ta iso tana haki. "Anti, ina Baba?"

"Ƙwacewa ya yi."

Aka bazu ana kiran sunansa, har da waɗanda ba su iya faɗinsa ba. Yayyafi ya sauko. Sai bayan la'asar wani mai yawo da kare ya gan shi a bakin tafkin fak ɗin, rabin jikinsa a ruwa, yana karkarwa. Ya naɗe hannun riga zuwa gwiwar hannu. Takalmansa na gefe a jere, hularsa a kai. Alwala ya je yi.

Sanyin ya sauka a huhunsa. Bai ga wata Juma'ar ba.

A sashen mata na masallaci Rabi'atu ta ji liman ta lasifika yana cewa duk wanda marigayi ya saɓa wa ya yafe masa. Aka amsa, an yafe. Ta jira a ce wanda ya saɓa wa marigayin fa, ina zai kai nasa? Ba a ce ba.

Ranar sadakar uku ta tsallaka da kwanon waina bayan baƙi sun ragu. Hajiya na zaune ita kaɗai. Rigar shunayyar na ninke a kan kujerar Malam.

"Sannu, ƙanwata. Kin rame. Kada ki sa wa ranki, na san ƙarfinsa in ya tashi ƙwacewa. Ni ma ya sha yi mini."

Rabi'atu ta ajiye kwanon. Ta durƙusa a kan kafet, ta dubi tafin hannunta na dama.

"Hajiya, bai ƙwace ba. Ni na sake shi. Tsoro na ji." Ta ɗago tana kallon kujerar. "Malam, ka yafe mini."

Ƙofar na buɗe, azahar ta yi, barandar shiru.