Awon Kwarin Sukukutane

Rahina na kwance ƙusoshin eriya a bakin kwari lokacin da Farfesa Jalaluddeen, mai kula da bincikenta a jami'a, ya rufe littafin awonta ya buga shi a kan mota.

"Waɗannan lambobin na cikin kwari, goge su," in ji shi.

"Malam, sati uku na yi ina auna su. Safe da yamma."

"Lissafinmu ya nuna sigina daga dogon ƙarfen sadarwa na Dogon Dutsi tana isa nan. Ke kuma kin rubuta babu. Ƙauye guda ba zai ɓata mana rahoton shekara biyu ba. Na'urarki ce ta yi kuskure."

Zuciyarta ta tafasa. Ta dubi ƙasa, inda rufin gidaje ke kwance tsakanin tuddai biyu. Can yayarta Sahura ke aure. Bara naƙuda ta tsananta mata, mijinta ya riƙa ɗaga waya sama yana zagaya gida, ba rezo, wato sigina. Sai da ya hau babur ya yi tafiyar rabin awa cikin rairayi kafin ya samu ya kira motar asibiti. Sahura ta rayu, jaririn bai rayu ba. Kuma wannan rahoton hukuma za ta duba ta zaɓi inda za a kafa sababbin ƙarafa. In an rubuta sigina na isa, ba wanda zai sake waiwayar kwarin.

"Malam, dutsen nan na bayan kwari ne ke tare siginar. Ba ya cikin taswirar da kuka yi lissafi da ita."

"Yanzu ke za ki koya mini aikina? Ki tuna da sa hannuna za ki fita."

Ta san gaskiya ya faɗa. Shekara biyar na karatunta na cikin aljihun rigarsa.

Direba ya tada mota. Rahina ta ɗauki littafinta, ta sauke batir da na'urar awo, ta ɗaga wa wani mai amalanken jaki hannu.

"Ina kuma za ki?" in ji Farfesa.

"Kun ce na'ura ta yi kuskure. Zan koma in sake awo, gida gida, mai gari na kallo. In lambobin suka fito yadda suke, Malam, sai ku goge da hannunku."

Ta ɗora eriyar a kan amalanke, ta zauna gefenta ta riƙe ta da hannu biyu. Jaki ya soma gangara.