Akwalar Bakoji

Ina da wata 'yar matsala: ba a yin abu a gabana ban ba da shawara ba. Ni na ce wa Asibi ta kai na'urar wurin baduku. Amma labarin na mijinta ne, Bakoji.

Buhu shida na masararsa suna yashe a gona a bakin daji, bayan Kuyello, tun ranar da aka ji ƙarar babura kowa ya watse. Abincin gidansa na shekara ke nan. Sai wata ƙungiya ta kawo injin gwaji mai taya huɗu da hannu ɗaya na ɗaukar buhu, aka sa masa suna Akwala. An yanke layin waya a yankin, saboda haka da wata 'yar na'ura ake ba shi umarni. Tana fitar da sautin da kunnen mutum ba ya ji.

"Taku arba'in take kaiwa, Baba," Lydia, ma'aikaciyar ƙungiyar, ta ce wa Bakoji. "Ka laɓe a kwari, ka danna, shi ya shiga fili."

"'Yata, in ni ban ji ba, ta yaya zan san ya ji?"

"Zai motsa."

"To ya fi 'ya'yana."

Asibi ta ji tsoron kada gumi ya lalata kayan mutane. Baduku ya ɗinke na'urar cikin fata kamar laya, ya bar wurin dannawa kawai, har da igiyar ratayawa. Ta yi kyau ƙwarai, ni ma na yaba.

Da safe Bakoji ya raka Akwala, kafaɗa da kafaɗa, duk abin da ya danna yana yi. A bakin gona ya tura shi gaba, ya kwanta a kwari. Ya danna. Shiru. Fata ta toshe sautin, shi kuwa ba kunnen da zai gaya masa. Ya fito taku biyar ya danna. Ya ƙara goma. Sai da ya tsaya tsakiyar fili, inuwarsa a kan injin, sannan hannun ya ɗaga.

Buhu na huɗu ake ɗorawa baburan suka fito daga daji. Kwarin ya yi nisa. Ya danna "koma gida".

Akwala ya iso Kuyello da azahar, shi kaɗai, buhu huɗu cif, ko ƙwarzane babu. A rahoton ƙungiyar an rubuta cewa gwajin ya yi nasara.